Lemon Kakata da Asun Adaka

Har yau in na ji ƙanshin kafur, sai in tuna ranar da aka buɗe adakar marigayi kakanmu a gidanmu na Ƙofar Dumi. Ƙarshen damina ne, an fito da kaya za a shanya. Aka ɗaga alkyabbarsa ta ulu, sai ga ta duk huji, asu ya gama da ita.

Baffana ba ya jiran a yi masa bayani. Ya waiga ya ga lemon tsamin da kakata ta shuka a ƙofar ɗakinta, wasu ƙananan ƙwari masu fiffike suna tashi daga sabon ganyen, ya ce ga masu laifin nan. Kakata ta ce na lemo daban, na adaka daban. Amma da me za ta nuna? Ƙwaron bai kai ƙwayar shinkafa ba, kana kama shi ya murje a yatsa. Kafin la'asar an sa wa bishiyar gatari. Na yi kuka, ita ko hawaye ba ta yi ba. Ta tsinci lemo ɗaya a ƙasa, ta matse shi a kununta, ta binne 'ya'yan a gefen kututturen, baffa yana kallo.

"Ajiye gatarinka kusa," ta ce masa, "wata za ta fito."

Dukansu sun riga mu gidan gaskiya. Ni kuwa ka gan ni da furfurata, ina durƙusawa a gindin lemon da ya fito, ina ɗaukar ƙwari hoto da waya. 'Yan gidanmu suna cewa na rasa aikin yi. Su yi ta faɗa. In na buɗa hoton, na lemo fari ne kamar azurfa, da ɗigon baƙi a ƙarshen fiffike, tsutsarsa ganye kawai take ci. Asu kuwa launin busasshiyar ciyawa gare shi, da jan gashi a ka. Na ji daɗi, na kuma ji takaici, don kakata ba ta ga wannan hoton ba.

Bana asu ya ci dardumar ɗan baffana, sai ga shi da mai saran itace. Na nuna wa ɗan baffan nawa hotunan biyu, ya ce shi duk ƙwaro ƙwaro ne. Na ɗauko tabarma na shimfiɗa a gindin bishiyar, na zauna.

Na ce masa, "Yaya, an sare ta farko don babu shaida. Yau akwai, kuma ba zan tashi ba."

Mai saran ya saɓa gatarinsa ya fita. Da safen nan ma lemonta na matsa a kununa.