Shekarar da Nuriyya Ta Guji Mahaifinta

A Rusaifa, wata unguwa a Makka, idan ka ce Nuriyya ba lalle a gane wadda kake nufi ba, amma da ka ce 'yar Mukhtaru direba, har mai gasa burodi na bakin layi zai nuna maka gidan. Gida ne mai hawa biyu da kakanta ya gina, shi da ya taso daga Damagaram a ƙasa yana saurayi, ya shekara huɗu a hanya, ya yi aikin Hajji bai koma ba. A nan aka haifi Mukhtaru, a nan ya kawo amaryarsa Larai, suka haifi Sa'ud, sai bayan shekara bakwai Nuriyya ta zo. Sunan mahaifiyar Mukhtaru aka sa mata, don haka bai taɓa kiran sunanta ba. "Uwata" yake ce mata, ko a gaban baƙi.

Mukhtaru ya shekara talatin yana tuƙa bas. Lokacin Hajji ba a ganinsa a gida sai ya gama kwashe alhazai daga Arfa zuwa Muzdalifa, ya dawo murya a dishe, ƙafafu a kumbure. Ciwon sukari ne ya fara cin sa, daga baya ƙodojinsa suka gaza, ya ajiye tuƙi. Sau uku a mako Sa'ud ke kai shi wankin ƙoda a wata cibiya. Nuriyya tana sakandare a lokacin, ta kan bi su ranar da babu makaranta, ta zauna tana kallon jinin ubanta yana zagaya na'ura yana komawa jikinsa. A can ta ƙudura za ta zama likita. Da sakamako ya fito, makinta bai kai ba, sai aka ba ta karatun jinya.

Larai ta ƙi. Ta ce aiki ne na cuɗanya da maza da kwana a waje, wa zai nemi auren 'yarta?

"Bar ta," in ji Mukhtaru. "Hannun da ke soka mini allura sau uku a mako, ai na 'yar wani ne."

Haka ta shiga. Tana da kai, tana da saurin hannu, amma ba ta da haƙuri, kuma can cikin ranta tana ganin aikin bai kai ta ba. Da ta gama shekarun aji aka tura ta imtiyaz, shekarar da ɗaliba ke yi a asibiti kafin a ba ta shaida. Babbar ma'aikaciyar jinyar da aka haɗa su, Sista Mu'minat, mutuniyar Ilori ce da ta tashi a Kaduna, ta shekara goma sha ɗaya tana aiki a Makka. Da Hausa take yi wa Nuriyya faɗa don kada sauran su ji, ita kuwa ta amsa da Larabci, don Hausarta ba ta wuce ta tsakar gida ba.

Wata rana Nuriyya ta ce mata gado na shida yana neman maganin ciwo.

"Gado ba ya ciwo, 'yata," in ji Sista Mu'minat. "Koma ki tambayi sunansa."

Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne 'yan uwan marasa lafiya, masu tare hanya da tambaya iri ɗaya sau goma. Amsarta guda ce: a jira likita.

Cikin watan Afrilun 2014 maganar wata cutar numfashi da ake kira korona ta cika gari. An ce daga raƙuma take, an ce a asibitocin Jidda ma'aikata ma suna kamuwa, kuma masu ciwon ƙoda da sukari ta fi kayarwa. Kafin mako biyu aka ware sashe guda a asibitinsu aka rufe shi da ƙofar gilashi. Ba a barin ɗalibai su shiga, amma a sashen gaggawa Nuriyya take, inda kowane mai tari ke fara sauka. Wasu abokan karatunta suka kawo takardar rashin lafiya suka zauna a gida. Ita ta ci gaba da zuwa, ba don jarumta ba, sai don wata huɗu suka rage mata, ba ta son a maimaita mata shekara.

Ranar da aka tabbatar da cutar a jikin wani dattijo da ta auna wa zafi, ta dawo gida ba ta shiga falo ba. Ta wuce kai tsaye saman soro, ɗakin da ake jibge tsofaffin katifu, ta share shi, ta ce nan za ta zauna har abin ya wuce. Larai kan ajiye mata abinci a kan matakala ta juya. Mukhtaru ba ya iya hawa, sai ya sa aka ajiye masa kujera a gindin matakalar. Kullum bayan La'asar ya zauna nan, ita tana sama, su yi hira ba sa ganin juna sosai. Ya ba ta labarin shekarar da bas ɗinsa ya mutu a hanyar Muzdalifa, tsofaffi hamsin suka sauko suka yi ta tura shi suna talbiyya. Ta sha jin labarin, amma ta yi dariya.

Sun yi kwana ashirin da uku a haka. Rana ta ashirin da huɗu, wata ma'aikaciya 'yar Filifin da suke cin abincin rana tare ta rasu a bayan ƙofar gilashin nan. Nuriyya ta dawo ta kwanta, ba ta fito hira ba. Ya kira ta sau uku shiru. Can sai ta ji takun sanda da numfashi mai nauyi. Kafin ta tashi, ga shi a bakin ƙofa, gumi ya jiƙa masa riga.

"Abuya, koma. Don Allah koma ƙasa," ta ce wa mahaifinta da Larabci.

"Na hau da ƙyar, ki bari in huta."

Ya zauna a bakin katifa, ya jawo kanta ya ɗora a cinyarsa kamar yadda yake yi tana ƙarama. Ba takunkumi a fuskarta. Ta san ya kamata ta janye, ba ta janye ba. Ta yi kuka har aka kira Magariba, shi kuwa yana ta shafa kanta.

Bayan kwana tara zazzaɓi ya kama shi. Kwana biyu a kai tari ya biyo baya, aka kai shi asibitin da take, aka ɗauki gwaji, aka wuce da shi ta ƙofar gilashin. Aka gwada mutanen gidan duka, har ita, ba a sami kowa da cutar ba. Aka kuma ji cewa mutum biyu da suke wankin ƙoda rana ɗaya da shi sun kwanta. Likita ya ce mai yiwuwa a can ya ɗauka. Nuriyya ta tambaye shi ko mutum zai iya ɗaukar cutar ba alama, ya ba wani, ta bar jikinsa kafin a gwada shi. Likitan ya ce ba a gama sanin halin cutar ba tukuna.

Aka dakatar da ita daga aiki na ɗan lokaci, saboda an sami cutar a gidansu. Yanzu ita ce a tsaye a bakin ƙofa, tana tare duk wanda ya fito. Ya ci abinci? Numfashin fa? Ya tambaye mu? Wata ɗaliba 'yar ajinsu ta ce mata ta jira likita, ta wuce da sauri ba ta ko dube ta ba. Nuriyya ta jingina da bango, ta ji kunya ta rufe ta tun daga kai har ƙafa.

Sista Mu'minat ce ta nemi a mayar da aikinta sashen da aka kwantar da Mukhtaru. Duk lokacin da ta fito, sai ta cire kayan kariya, ta wanke hannu, ta zo ta zauna kusa da Nuriyya da Sa'ud ta faɗa musu gaskiya dalla-dalla. Ita ta gaya musu cewa Larabci ya gudu daga bakinsa, Hausa kawai yake yi, irin ta Damagaram, yana ta kiran uwata.

"Ban sani ba ko ke yake kira ko wadda ta haife shi," ta ce. "Amma na roƙi likita, ya ba ki minti goma."

Aka sa wa Nuriyya riga kan riga, safar hannu biyu, takunkumi da gilashin ido. Ta same shi ya rame, bututun iska a hancinsa. Ta riƙe hannunsa, ba ta jin ɗuminsa ta cikin roba.

"Baba, ni ce," ta ce da Hausa.

Ya daɗe yana kallon idanunta. "Kin ci abinci?"

"Na ci."

"Ƙarya kike." Ya ja numfashi. "Ki sauko daga saman nan. Akwai zafi."

Ta so ta ce ya yafe mata, amma ta san zai tambayi laifin me, kuma ba shi da numfashin da zai ɓata. Ta gyara masa matashi, ta jiƙa masa leɓe da auduga, har aka ƙwanƙwasa gilashi. Washegari aka sa shi a na'urar numfashi. Ya rasu bayan kwana huɗu, ranar Talata da hantsi, cikin watan Rajab.

Ba a kawo shi gida ba. Daga asibiti Sa'ud da mutum shida suka raka shi makabarta. Mutumin da rabin Rusaifa ta hau motarsa, aka jera kujerun ta'aziyya kwana uku yawancinsu babu kowa. Mutane suka yi ta bugo waya suna ba da haƙuri. A rana ta uku, bayan an kwashe kujerun, Larai tana naɗe darduma ta yi magana ba ta ɗago kai ba.

"Na ga lokacin da ya hau wurinki. Tun farko na ce kada ki yi wannan aiki."

Ba ta ƙara ba, ba ta kuma sake tayar da maganar ba. Nuriyya ta koma saman soro, wannan karon ba don cuta ba. Ta ƙi komawa asibiti ko da wa'adin dakatarwar ya cika. Azumi ya zo ya wuce suna buɗa baki a faranti ɗaya, maganarsu ba ta wuce miƙo ruwa ba. Sista Mu'minat ta yi ta kira ba ta ɗauka, har ta gaji ta zo gidan da kanta bayan Salla. Ba Nuriyya ta nema ba, wurin Larai ta zauna. Ta gaya mata yadda ta yi jinyarsa, abin da ya ci, addu'ar da yake yi, da yadda ya ce a gaya wa Larai ta daina ɓoye masa gishiri. Larai ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Wata uku ke nan ba wanda ya ba ta labarin kwanakin mijinta na ƙarshe, don ita ma ba ta tambayi 'yarta ba.

Da baƙuwar ta tafi, Larai ta hau matakalar, tana hutawa a kowane hawa.

"Wata nawa suka rage miki?"

"Uku, Ummi."

"Ki je ki gama." Ta tsaya tana duban katifun. "Maganar da na faɗa, zafi ne. Ko da kin rufe ƙofa da kwaɗo, sai ya hau. Na fi ki sanin halinsa."

Nuriyya ta koma. Hannunta ya rage sauri, har wasu suka ce ta yi sanyi. Ta ɗauki wata ɗabi'a da ba wanda ya sa ta: kafin ta tashi daga aiki sai ta fita wurin masu jira, ta nemi dangin kowane mara lafiya nata, ta gaya musu abin da ta sani, abin da ba ta sani ba ta ce ba ta sani ba. Ta karɓi shaidarta a farkon 2015, aka ɗauke ta aiki a sashen masu ciwon ƙirji. Sista Mu'minat ta gama kwantiraginta bayan shekara biyu ta koma Najeriya, suna gaisawa ta waya duk Juma'a.

Tsakaninta da Larai ya gyaru, ko da yake bai koma kamar da ba. Akan yi hira, akan yi dariya, amma idan aka ambaci Mukhtaru kowacce sai ta sami abin yi a wani ɗaki. Game da inda ya ɗauki cutar, ta karanta duk abin da ta samu, ta tambayi likitoci da yawa, kowa ya ce mata cibiyar wankin ƙodar ta fi kama da gaskiya. Ta kan gyaɗa kai ta yi godiya. Sa'ud ya taɓa tambayarta, yana mayar da ita gida daga aiki, ko ta yarda da abin da suke faɗa. Ta ce wasu ranakun ta kan yarda.