Dariyar Inna a kaset ɗin garaya

Ina kwance da littafin soyayyata na ji Yaya Sani yana cewa, "Baba, zaren ya tsinke, amma bari in gwada."

Kaset ɗin garaya ne da Baba ya saya a kasuwar Yankara zamanin kuɗin fetur. Yaya ya zo hutu daga jami'a. Shi waƙoƙin Turawa yake ji, amma ya liƙe zaren, ya juye kiɗan cikin kwamfutarsa.

Ana tsakiyar kiɗa sai ga dariyar marigayiya Inna, tana amarya: "Malam, ka danna jan nan fa, ɗauka yake."

"In yanke wurin?" in ji Yaya.

Baba ya ce, "Yanke garayar dai."

Na rufe littafina. Ku muryar wa kuke so a dawo maku da ita?