Teburin da Kaka Bawa Ya Yanke wa Ƙafafu

Shekaranjiya na yi wata wauta a kasuwar Malumfashi. Ina tafe na hango wata lanƙwasasshiyar ƙusa a ƙasa, duk ta yi tsatsa, sai na duƙa na tsince ta na jefa a aljihu, har ina murna zan kai wa Kaka. Sai da na zauna a mota ta soke ni a cinya, sannan na tuna wanda zan kai wa ɗin yana maƙabarta tun damina.

Ku da kuka san Kaka Bawa kun san ba laifina ba ne, shi ya ɓata mu. Kullum ya dawo daga sallar asuba sai ya zauna gaban dutsen nan na ƙofar zaure yana miƙe tsofaffin ƙusoshi da guduma, yana tarawa a gwangwanayen madara. A wurinsa babu abin da ke lalacewa. Rediyo ta daina magana, buta ta huje, takalmi ya rabu biyu, amsarsa ɗaya ce: "Bai mutu ba, suma ya yi." Akwai wata fitila a ƙarƙashin gadonsa da ta girmi babana, tana sume tun kafin a yi kwalta zuwa Ƙafur.

Labarin teburin ya faro ne daga rasuwar Malam Tukur, maƙwabcinmu. Tun suna samari su biyun suke ciyayya a ƙofar gida, kowa ya fito da kwanonsa su haɗa. Da Malam Tukur ya tafi, sai Kaka ya koma cin tuwo shi kaɗai a zaure. Babana ɗansa ne na fari, kunya ba ta barinsa ya sa hannu a kwano ɗaya da shi, shi kuma Kaka ko sunansa ba ya faɗa. Ummata surukarsa ce, tarinsa kawai za ta ji ta shige ɗaki. Hajjo, kakarmu, ta ce tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa tauna ko gyaɗa a gabansa ba, kuma ba da tsufanta za ta fara ba. Mu yara kuwa loma uku muke yi mu ruga kallon ƙwallo. Kwanon Kaka ya riƙa dawowa cikin gida kusan yadda aka kai shi. Rigarsa ta fara yi masa yawa.

Ana nan ya kai masara Funtua, ya yada zango gidan Gwaggo Rabi, autarsa. A can ya ga ikon Allah: miji da mata da 'ya'ya sun kewaye tebur guda suna ci suna hira. Da ya dawo ya tara mu ya ce zai haɗa tebur da hannunsa, kuma ranar farko ta azumi duk wanda ke kwana a gidan nan a kansa zai sha ruwa.

Babana ya durƙusa ya ce akwai kafinta a Ƙafur mai aiki da kyau. Kaka ya juya ya dube ni, alhali ga Baba nan a gabansa har inuwarsu ta haɗu.

"Nasiru, a gaya wa yaron nan, shi kafintan da zarto aka haife shi?"

Na juya na gaya wa yaron nan. Da daddare yaron nan ya ja mini kunne.

Katako bai zama matsala ba. Tsohon keken shanunmu da ya shekara goma a sume bayan rumbu, shi Kaka ya farfaɗo da shi. Muka ɓamɓare allunan, muka haɗa da tsohon ƙyauren zaure, muka kankare su da fasasshiyar kwalba har suka yi sumul. Faɗin abin, na rantse za a iya shanya barkonon ƙauyenmu duka a kai a bar wa akuya wurin kwanciya. Ƙafafu kuma muka saro rassan darbejiya, don ya ce gara ba ta son ɗaci.

A wurin ƙafafun ne aka yi ta. Na ce bari in aro ma'auni wurin tela, Kaka ya ce Allah ya riga ya manna wa kowa nasa a jiki. Ya gwada kamu biyu, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, ya yanke ƙafa biyu. Sai bayansa ya riƙe, ya miƙo mini zarto ya ce in yanke sauran, kamu bibbiyu. Kun dai san hannun Kaka, yana zaune yake tsinko mangwaro. Na ce masa nawa bai kai nasa ba.

"Kamu kamu ne," in ji shi. "Ka taɓa jin an ce na yara daban?"

Na yanke. Da muka kafa teburin a tsakar gida, sai ya tsaya kamar raƙumi zai durƙusa. Hajjo ta zo ta ɗora lemo ɗaya a wancan gefen, ya gangaro ya faɗa cinyar Kaka. Ta ce madalla, wannan tebur ɗin har miƙo abinci yake yi. Na ce mata ta rabu da tsohon nan ta dawo wurina, ni na tebur mai ƙafa daidai zan saya mata. Kaka ya ce in fara sayen wandon da ya kai mini idon sawu.

Bai yarda an yi kuskure ba. Ya ce ƙasar ce ta karkace. Ya rage dogayen ƙafafun, sai suka fi gajerun gajarta. Ya rage gajerun, ɗaya ta zarce. Kullum da safe za ka ji zarto, kullum da yamma tebur ya ƙara matsowa ƙasa. Maƙwabta suka riƙa leƙowa ta katanga suna tambayar jikin mai jinya. Ana saura kaɗan a ga wata, tsayin teburin bai wuce gwiwar ɗan yaye ba. Na ce, "Kaka, ya mutu fa." Ya zagaya shi sau biyu, ya shimfiɗa tabarma, ya zauna ya tanƙwashe ƙafa, teburin ya zo masa daidai ciki.

"Da ma haka na nufa. Wa ya ce maka ina da kujeru?"

Ranar farko ta azumi aka jera kunu da ƙosai da dabino. Aka kira sallah. Ni da ƙanwata Ummi muka zauna. Baba ya ɗauki dabino ɗaya ya ce zai riga liman zuwa masallaci. Mata suka ajiye kwanuka suka ɓace, sai motsinsu kake ji a madafa. Kaka ya dubi faɗin teburin nan, ya kurɓi kunu sau biyu ya ture. Ranar ko tsokanarsa ban iya yi ba.

Washegari na tarar ya farke buhunan taki yana ɗinke su da basilla. Ya kafa sanda biyu a tsakiyar teburin, ya ɗaura igiya, ya rataya buhunan. Labule ke nan, mata can, maza nan, tebur ɗaya. Baba kuma aka ba shi can ƙurya, inda zai ci yana kallon rumbu. Da aka kira magariba Kaka ya riƙe dabino a hannu, ya ce ba zai kai baki ba sai ya tabbata surukarsa tana bayan labulen nan.

Hajjo ta yi masa wa'azi ta cikin buhu, ta ce jinkirta buɗe-baki ba kyau. Ya ce ya sani, alhakin yana kan mai jinkirta shi. Ni cikina har kiran sunana yake yi. Sai muka ji Hajjo ta nufi madafa tana cewa, "Ke fito, kafin tsohon nan ya sume mana, shi kuma ba mai miƙe shi da guduma."

Muka ji tafiya a hankali, muka ji an zauna. Kaka ya ce shi bai ga shaida ba. Can sai ƙasan labulen ya ɗaga kaɗan, wani hannu mai lalle ya turo kofin kunun tsamiya. Kaka ya karɓa ya yi bismilla. Ranar ya cinye tuwonsa, ya jawo nawa.

Kafin azumi ya raba tsakiya, bayan labule ya zama kasuwa. Wata rana Hajjo ta faɗi wani abu, Umma ta manta inda take ta tuntsire da dariya. Kaka ya tsaya da loma a hannu, ya ce mini a hankali, amma yadda kowa zai ji, "Ashe tana da murya." Umma ta ƙware, sai da aka bubbuga mata baya.

Bai sake cin abinci shi kaɗai ba. Rigarsa ta dawo daidai jikinsa. Da damina ta yi nisa, wata safiya ya dawo daga duba masara, ya kwanta a inuwar zaure, bai tashi ba. Ana ta kuka Ummi ta ja zanen Hajjo ta ce a daina, suma ya yi. Hajjo ta jawo ta ta rungume.

Allah ya jiƙan Kaka Bawa, ya haskaka kabarinsa, ya haɗa shi da Malam Tukur a inda ba a cin abinci cikin kaɗaici.

Bayan sadakar arba'in Baba ya ce a cire labulen, tunda babu sauran wanda ake jin kunya. Umma ta ce a bar shi. Ƙusar da na tsinto kuwa na miƙe ta a kan dutsensa, na buga a ƙafar da ke girgiɗi. Har yanzu tana girgiɗi, kuma a kansa muka ci tuwo jiya.