Ɗigon Baba Mai Agogo

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta, amma fa ba tatsuniya ba ce, mai ita yana nan da ransa.

Baba Mai Agogo, haka ɗalibai ke kiransa, shi ke kula da ɗakin gwajin kimiyya a wata sakandare. Shekara talatin da ɗaya, kafin a kaɗa ƙararrawa ya wanke kwalabe, ya jera ma'aunin zafi, ya haɗa ruwan sinadarai. Tun da mai ɗakinsa ta rasu, 'ya'ya suka yi nisa, da kwalaben nan yake hira.

Akwai gwajin da ya fi so. A yi baƙin ɗigo a takarda, a ɗora kwalba a kai, a zuba sinadari biyu, a danna agogo, a yi ta leƙe har ruwan ya yi fari, ɗigon ya ɓace. In ruwan da ɗumi, ya fi saurin ɓacewa. Baba bai taɓa miƙa wa yara haɗin da bai gwada da idonsa ba. Kullum daƙiƙa arba'in.

Ana jibi jarrabawa, sai agogo ya nuna talatin. Ya taɓa kwalbar, ba ɗumi. Ya zubar, ya sake haɗawa har sau uku, talatin dai. Sai ya kira malamar kimiyya, suka sake zubawa.

"Malama, leƙa mini. Ya ɓace ko?"

"Haba Baba, ga shi ɓaro-ɓaro kamar ƙuda a madara!" Da ta dubi fuskarsa, dariyar ta maƙale.

Ya ce, "To, ba ruwan ba ne. Idon ne."

"Ba mai ji a bakina, Baba. In ka ajiye aiki, da wa za ka yini?"

"'Yata, ran da na gyara ruwa daidai da idona, yara sittin na kayar."

Baba, kai ne ka zaɓi shirun gida a kan ka cuci ɗan wani. Gishiri, ba a ganin ka sai an rasa ka. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Ku da ke aiki inda ba mai kallo, ga abin koyi.

Yara sun ci jarrabawa da ruwan da ya haɗa. Malama tana nan tana koyarwa. Baba ya ajiye aiki, aka ɗauki wani a madadinsa, aka bar masa agogon. Yana gida, ya rataye shi a ƙusa, kullum safiya yana wanke kofinsa guda sau biyu.