Ranar da Kawu Ya Kai Ni Sasanta Rigimar Injin Ban Ruwa

Shekarun baya, lokacin ina koyar da lissafi a wata sakandare a Tambuwal, na koma jami'a a Sakkwato neman digiri na biyu. Abin da nake bincike a kai ba ya da suna da Hausa, ni ma da Turancin da ƙyar nake riƙe da shi. A taƙaice, akwai abin da muke kira rukuni: tarin abubuwa da ake haɗa biyu a samu na uku a cikinsu, kamar kwanakin mako, da in ka ƙara kwana uku kan Juma'a ka faɗa Litinin. In ka ɗauki 'yan rukunin ka liƙa wa kowanne cikakkiyar lamba, kana tarawa kana ninkawa, sai ka samu wani gini da Turawa suka raɗa wa suna zobe. Tambayata ita ce: in aka ba ka zoben kaɗai, za ka iya gane rukunin da aka gina shi da shi?

Wata rana mahaifiyata ta matsa sai na gaya mata abin da ke hana ni zama gida ranar Asabar. Na ce, "Inna, rukuni nika karantawa, kamar ƙungiya ke nan, da zobensa."

Ta dube ni ta ce, "Zobe? Da ka faɗi tun farko, ai maƙerin bakin kasuwa ya koya maka ba sai ka hau mota ba."

Ita zoben ta riƙe. Amma kawuna, ƙanenta, wanda ya zo daga Fakku a ƙasar Kebbe yana zaune yana shan fura, shi ƙungiyar ya riƙe.

Bayan mako biyu sai ga shi a ƙofar makarantarmu bisa babur, ya ce in hau. A hanya ya ba ni labari. Su goma sha huɗu ne suke da injin ban ruwa guda a fadama, kowa da ranarsa, bi da bi, kuma kawu ke riƙe da jerin sunayen. To mutum biyu a cikinsu sun lura cewa duk zagayowa, ranarsu sai ta faɗo ranar kasuwa. Ko su bar albasarsu ta sha ƙishi, ko su rasa kasuwa. Suka ce kawu ne ya shirya haka da gangan. Ɗaya daga cikinsu, wani dattijo mai faɗa, amininsa ne tun suna yara, amma ya daina amsa masa sallama. Har an fara maganar a sayar da injin kowa ya kama gabansa.

"Na gaya musu ɗana na karatun ƙungiyoyi a jami'a," in ji kawu. "Suna jiranka."

Na ce, "Kawu, ba irin wannan ƙungiyar ba ce."

Ya ce, "Ƙungiya ƙungiya ta. Riƙe ni da kyau, akwai rami."

Muka iso bayan la'asar, an shimfiɗa tabarmi a gindin tsamiya, har an ware mini buzu. Da aka karanto jerin, sai murna ta kama ni, domin na ga amsar nan take. Mako kwana bakwai ne, su kuma goma sha huɗu, wato mako biyu cif. Dole kowa ya maƙale a rana guda har abada. Babu hannun kawu a ciki ko kaɗan.

Da na faɗi haka na zauna, da an tashi lafiya. Amma shekara biyu ina karatun da ba mai tambayata komai a kansa, yau ga mutum goma sha huɗu sun zuba mini ido. Na karɓi kara na share ƙasa. Na zana da'ira na rarraba ta. Na yi bayanin rukuni mai zagayawa, na yi na ƙaramin rukuni a cikin babba. Na ce akwai ma rukunin da wanda ka fara da shi ke canza sakamako, kamar jiƙa gero kafin niƙa da niƙa shi kafin jiƙawa. Ban san lokacin da na shiga zobe ba, ina liƙa wa dattawa lambobi, ina cewa a ɗauki Alhaji sau uku a cire Liman sau biyu.

Liman ya ce, "A cire ni daga ina?"

Na ɗago kai. Mutum uku na gyangyaɗi. Wata akuya ta taka rabin da'irar. Kawu ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri kamar mai neman tsari.

Sai dattijon nan mai faɗa ya yi gyaran murya. "Malam, mun gode. Abu guda nika tambaya. Kawunka ya cuce ni, ko bai cuce ni ba?"

"Bai cuce ka ba, Baba."

"To wa ya cuce ni?"

Na ce, "Goma sha fuɗu."

Na ce in an ƙara rana guda ta zama goma sha biyar, kowane zagaye ranar kowa za ta gusa gaba da kwana ɗaya, kasuwar ta bi kan kowa.

Ya ce, "Wato a bar injin ga shi huta kwana guda?"

"Shi ke nan, Baba."

Ya shafa gemu. Can ya ce, "Tun bara uwar ɗiyana tac ce a riƙa barin shi yana hutawa. Nac ce mata mi ta sani game da inji." Ya juya ga kawu. "Shekara nawa kac ce yaron ga ya yi a jami'a?"

Dariyar da aka yi har masu gyangyaɗi suka farka suka taya. Dattijon ya miƙa wa kawu hannu suka gaisa, ni kuma aka ɗaura mini albasa a bayan babur.

Na gama digirin daga baya. Mutum uku ne suka karanta kundin, kuma aikinsu ne ya tilasta musu. Amma tun daga ranar nan na canza yadda nake shiga aji. Kafin in taɓa allo, sai in tambayi kaina: in dattijo mai albasa a fadama ya tare ni, zan iya faɗin wannan a numfashi guda? In ba zan iya ba, to ni ma ban gama ganewa ba.

Ƙungiyar na nan, har ta ƙaru. Duk sanda kawu ya kira ya ce sun karɓi sabon mutum, sai in tsinci kaina ina ƙirga da yatsu. Yanzu su goma sha tara ne, da ranar hutu ashirin. Saura mutum guda zagayen ya cika mako uku cif, kowa ya sake maƙalewa a rana guda. Ranar da aka karɓe shi, na riga na gaya wa kawu kada ya ɓata man babur ɗinsa, ya wuce kai tsaye wurin matar amininsa.