Agwagwar Yaya

Har yau in ka tambayi Ummanmu aikin me Yaya yake yi, cewa za ta yi danne-danne yake yi a kwamfuta ana biyansa. Ni ƙanwarsa, da nake taƙamar na yi boko har ina tsaron kantin magani, ban fi ta sani da yawa ba. Na dai san manhaja yake rubutawa, irin wadda makarantu da shaguna suke aiki da ita. Abin da zan iya rantsuwa a kansa guda ɗaya ne, don na gani da idona shekara da shekaru: Yaya yana hira da agwagwa.

Ta roba ce, 'yar ƙarama, wadda aka saya wa 'yarsa don wasa a bahon wanka. Yarinya ta girma har ta shiga jami'a, agwagwa tana nan a hagun teburinsa, bakinta duk ya koɗe. Idan abin da ya rubuta ya ƙi aiki, ya duba sama ya duba ƙasa bai ga inda matsalar take ba, sai ya juya kujera ya fuskance ta ya kama yi mata bayani tiryan-tiryan. Nan na karɓi sunan ɗalibi, nan na ajiye shi, nan na kira shi. Can sai ka ji ɗif. Ya gano ke nan. Sai ya ɗan rusuna mata ya ce, "Na gode, Hajiya," ya koma ya gyara.

Ranar da na fara gani na samu Umma a gigice na ce a fara yi wa Yaya addu'a. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce ai masu sana'arsu da yawa haka suke yi, wani da agwagwa, wani da kofin shayi. Wai in kana yi wa wanda bai san komai ba bayani, dole ka bi a hankali, a nan kunnenka zai ji kuskurenka. Ya ce da ni ya so ya riƙa yi wa, to amma ni ba na iya rufe baki.

Mutum ne mai sanyi, Yaya. Ya shafe shekaru goma sha wani abu a kamfani ɗaya, a kujera ɗaya, har shimfiɗarta ta ɗauki siffarsa. Yaran da ya koya wa aiki sun wuce shi sun zama manya a wasu wuraren, shi ko a jikinsa. Sai bara aka tara su aka ce injin nan na AI da ake yayi yana rubuta abin da mutum biyar suke rubutawa, saboda haka a gode wa huɗu. Yaya yana cikin waɗanda aka gode wa. Ya dawo gida da rana tsaka, da kwali a hannu, Hajiya, da yake tafiya da ita ofis, a saman kwalin.

Kawunmu mai kantin tayil bai ɓata lokaci ba. Ya zo ya ce dama yana neman amintacce da zai zauna masa a sabon shago, ga kujera ga fanka, a bar wannan wahala. Umma ta ji daɗi, don tayil dai ta san ko mene ne. Yaya ya yi godiya ya ce a ba shi ɗan lokaci. Da Kawu ya tafi ya gaya min gaskiyar abin da ke ransa: irin sana'arsu, in ka bar ta wata shida ta bar ka shekara shida, ranar da ya zauna a shagon nan ya san ya yi bankwana da ita ke nan. Kuma shi bai iya son wani aiki ba.

Neman aikin ne ya ɗaure mana kai gaba ɗaya. Zai aika takardarsa, kafin ya ɗauke hannu daga kwamfutar amsa ta iso, wai sun yi nazari mai zurfi sun ga bai dace ba. Na ce Yaya, wane ne wannan mai saurin karatu? Ya ce ba kowa, inji ne yake karantawa. Su ma masu neman aikin, in ji shi, inji ne yake rubuta musu. Na ce to in inji ya rubuta inji ya karanta, ku me kuke yi a tsakiya? Ya ce abin da yake tambayar kansa ke nan. Wani kamfanin ya ce duk wanda ya taɓa AI a jarrabawarsu ya faɗi, wani ya ce wanda bai ƙware da shi ba kada ma ya nema. Akwai wanda ya nemi gogewar shekaru masu yawa a kan wata manhaja da ba ta daɗe da fitowa ba. Yaya ya karanta, ya sake karantawa, ya juya ya karanta wa Hajiya.

Daga ƙarshe wani babban kamfani ya kira shi jarrabawa daga gida, da kyamara a kunne, ba wanda zai shiga ɗakin. Na je kai wa matarsa, Anti, maganin mura, aka zaunar da ni a falo aka ce ko tari kada in yi. Ta ƙofa ina jin ƙus-ƙus ɗinsa, can na ji "Na gode, Hajiya," na ce wa Anti an ci. Ya fito yana murmushi, ya ce duk tambayoyin sun faɗo gidansa.

Ba su ɗauke shi ba, ba su kuma faɗi dalili ba. Sai bayan kwanaki wata tsohuwar ɗalibarsa da ke aiki a can ta kira shi, tana ta kame-kame. Ta ce amsoshinsa sun fi na kowa, matsalar ke nan. Manhajar da ke gadin jarrabawar ta rubuta cewa idonsa yana yawan komawa hagu, leɓensa yana motsi, kuma duk sanda ya juyo sai ya rubuta amsa daidai. An yanke cewa akwai wata kwamfutar a gefe da AI yake karanto masa.

Raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Mutumin da aka kora saboda inji, yanzu kuma an ƙi shi wai ya yi satar amsa wajen inji. Umma ta ɗauki mayafi ta ce a kai ta wajen shugaban ta gaya masa ɗanta ko a firamare bai taɓa leƙen takardar wani ba. Ni na ce a ɗauki hoton agwagwar a aika musu. Ya aika kuwa, da dogon bayani mai ladabi. Amsa ta dawo nan take, wai suna godiya da sha'awarsa, a halin yanzu babu gurbin da ya dace da hoton.

Daga nan ya saka Hajiya a aljihun tebur ya rufe. Duk ranar da ba ni da aiki sai in zo in zauna bayan kwamfutarsa da rula a hannu, in idonsa ya karkata in buga tebur. Ya koyi zama ƙiƙam kamar mai ɗaukar hoton fasfo. Amma na lura tunanin ma ya tsaya ƙiƙam. Abin da da yake warwarewa kafin shayi ya huce, yanzu sai ya yi ta zufa a kai, leɓensa yana rawa yana danne shi.

Haka ya shiga intabiyu na gaba, ido a tsaye. Saurayin da ke tambayar ya ce masa ya saki jiki, ya buɗe AI ya yi amfani da shi yadda ya ga dama. Yaya ya ce a ransa tarko ne, ba za a kama shi sau biyu ba. Ya yi godiya, ya rubuta komai da hannunsa, bai ko kalli wajen ba. Suka ce aikinsa yana da kyau, sai dai ba sa neman wanda yake tsoron kayan aikin zamani.

Ranar ya fito falo ya zauna a ƙasa, ya jingina da kujera. Ya ce min, "Auta, ni fa ban san me ake so ba. In na duba gefe ɓarawo ne, in ban duba ba tsoho ne." Washegari ya saka doguwar riga ya tafi ganin shagon Kawu. Ya dawo ya ce wurin ba laifi, akwai iska. Anti ta shiga kicin ta daɗe ba ta fito ba.

Saura kaɗan ya karɓi makullin shagon sai wani ƙaramin kamfani ya kira. Su ma suka ce ya yi aiki da injin suna kallo. Yaya ya riga ya fid da rai, don haka bai yi wata dabara ba. Ya zauna ya rubuta wa injin bayanin matsalar yadda yake yi wa Hajiya, a hankali, daki-daki, kamar mai yi wa wanda bai san komai ba magana. Injin ya zubo amsa tsaf. Matar da ke intabiyun ta ce ta daɗe ba ta ga mai iya bayani haka ba, ta tambaye shi inda ya yi kwas. Ya ce a gida. Suka ɗauke shi.

Murna dai mun yi ta. Umma ta kira dangi kaf ta ce an mayar da ɗanta danne-danne. Kawu ya yi kwana biyu yana amsa gaisuwa ciki-ciki, daga baya ya huce.

Bayan wasu makonni na biya gidan da hantsi. Daga gida yake aikin yanzu. Na tsaya a ƙofar ɗakin ina jiran in ji ƙus-ƙus ɗin nan da na saba ji tun ina budurwa, ban ji komai ba. Na leƙa. Yana zaune, hannuwansa a cinya, rubutu yana ta gangarowa a fuskar kwamfutar shi kaɗai, shi kuma yana gyaɗa kai jefi-jefi. Hagun teburin fayau, sai ɗan zagayen da agwagwar ta bari a kan katako.

Na tambaye shi ina Hajiya. Ya ce tana aljihun tebur, babu abin da zai gaya mata yanzu. Injin ne yake rubutawa, ya kuma yi masa bayanin abin da ya rubuta layi-layi, shi aikinsa ya saurara.

Na ce, "To ai kai kake gyara masa in ya yi kuskure ko?"

"Wani lokaci," in ji shi. Ya matsa gefe ya nuna min da yatsa. "Karanta nan."

Na sunkuya na karanta. Injin yana cikin bayani, nan na karɓi kaza, nan na ajiye kaza, sai ya katse kansa ya ce ya ga kuskure a layin baya, ya gyara. A ƙasa ya rubuta wa Yaya cewa ya gode.

Na ce, "Me ka ce masa ya gano?"

Ya ce, "Ban ce komai ba."

Na so in yi dariya, don a gidanmu ni ce mai dariyar abin da bai kamata ba, amma da na kalli fuskarsa sai ta maƙale. Ba fushi yake ba, ba kuma murna ba. Ya ce albashin ya fi na da, mutanen suna da kirki, shi dai bai san ko ya koma sana'arsa ne ko kuwa shagon Kawu ne aka kawo masa har ɗaki ba.

Da na koma wajen Umma ta tare ni da tambayar ko ɗanta yana jin daɗin sabon wurin. Na ce mata ana gode masa sosai. Ta ce madalla, dama shi tun yana yaro akwai hankali.