Ledar Ruwan da Na Ɗaura wa Kakana

Salama gare ku masu karatu. Da waya nake rubuto wannan, ku yi haƙuri da yadda ya zo. A lokacin da abin ya faru ina ajin farko a wata lakwal ta koyon aikin jinya a Damagaram. Da birbe na shiga, wato takardar ƙaramar sakandare, karatun shekara uku ne, ni ko ɗaya ban cika ba. Amma na riga na samu farar riga, na samu abin awon tansiyo, wato hawan jini, kuma an kai mu istaji, koyon aiki a asibiti, inda na koyi neman jijiya. Hannuna na da sauƙi, matar da ke kula da mu ma ta faɗa. Wannan yabon shi ya hau mini kai. A lakwal kullum ana nanata mana cewa ɗan ajin farko hannu ne kawai, abin da aka ce ya yi shi zai yi, kuma a gaban babba. Rubuta magani aikin lokotoro ne, babban likita ke nan, ko majo, wato anfirme, ma'aikacin jinyar da ke riƙe da likitar ƙauye. Ina jin wannan, amma kamar da wasu ake.

Da hutun damina na tafi ƙauyenmu can wajen Dungas. Farar rigar a saman jaka na sa ta, don a gani. Tun ranar da na sauka daga kabu-kabu sunana ya ɓace, kowa sai likita. A can ba wanda ya san bambancin mai birbe da mai bak, takardar gama babbar sakandare, ko anfirme da lokotoron da ya yi shekara da shekaru a jami'a. Duk mai farar riga likita ne. Mata na zuwa in auna su, in ɗaure fuska in faɗi lamba, su tafi suna sa mini albarka. Wallahi daɗi nake ji.

Kakana na wajen uwa shi ne abokin wasana tun ina ƙarama. Amaryata yake ce mini, ni kuma in ce ba na son tsoho mai goro a baki. Na tarar da shi ba lafiya. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga, in ya taka daga ɗaki zuwa zaure sai ya tsaya yana haki, barci ma a zaune yake yi, ya jingina da buhun gero. Kawuna ya yi ta fama da shi a je likita, ya ƙi. Ya ce wane irin sakarci ne mutum yana da mata likita a gida ya hau amalanke ya je wani ƙato ya latsa masa ciki. Abin da ya dame shi ɗaya ne, ana noman farko, ciyawa ta kama gonarsa, shi kuwa ƙarfi ya tafi. Ya ce ƙarin ruwa kawai yake so, wai maƙwabcinsa leda ɗaya aka sa masa bara ya tashi kamar saurayi. Haka mutanenmu suka ɗauki ƙarin ruwa, maganin kowace kasala.

Ba zan yi muku ƙarya ba, zuciyata ta ɗan ja baya. Na ce masa ba a kai mu nan a karatu ba tukuna. Sai ya kalli kakata ya yi dariya, ya ce ashe dai shara kawai ake sa amaryar tasa a likitar Damagaram, rigar ma ƙila aro ce. Mutanen da ke zaure suka kwashe da dariya. Wasa ne irin wanda muka saba, amma ranar ya soke ni. Kalma biyu ce za ta fitar da ni, in ce ban sani ba, ku kai shi wajen majo. Kunyar faɗinta ta fi ƙarfina.

Ranar kasuwar Dungas na tura aka sayo leda biyu ta ruwan gishiri wajen masu sayar da magani. Na sa kawuna ya buga ƙusa a bangon ɗakin, na rataye ledar. Sau ɗaya na soka na samu jijiya, na juyo ina kallon mutane don su shaida. Na buɗe ruwan yana gudu, saboda tsohon na cewa in yi sauri yana son ya leƙa gona kafin la'asar. Ta farko ta ƙare, na ɗaura ta biyu. Ba ta kai rabi ba ya fara tari. Numfashinsa ya koma kamar ana zuƙar ƙarshen kunu, gumi ya jiƙe shi, wani kumfa na fitowa a bakinsa. Ya riƙe hannuna yana son magana ya kasa. Na cire allurar, kuma daga nan ban san abin da ake yi ba. Iyakar karatuna ke nan, a gaban kowa.

A amalanke muka kai shi likita wajen majo, hanya duk caɓi. Majo na ganinsa ya zaunar da shi, ya yi masa allurar da ke sa fitsari, ya sa a kira ambilans ta Magaria. Ya tambaya ko an ba shi wani abu a gida. Kawuna da alfahari ya nuna ni, ya ce ai ƴarmu likita ce, har ruwa ta ƙara masa.  Majo ya kira ni gefe, ya tambaye ni ajin da nake. Na faɗa. Ya tambaya ko na ga ƙafafun kafin in ɗaura. Na ce na gani. Ya yi mini bayani a hankali cewa zuciyar tsohon ta gaji, ruwa ne ya riga ya yi masa yawa a jiki, shi ne kumburin, shi ne hakin, ni kuma na ƙara masa wani har ya hau huhu. Ya ce shi da difilominsa da shekarunsa a aiki, irin wannan ba ya riƙe shi, Magaria yake turawa wajen lokotoro. "An koya miki sa allura," in ji shi, "ba a kai ga koya miki wanda ba a sa wa ba."

A Magaria ya ɗan farfaɗo har muka fara murna. Ina zaune gefen gadonsa na kasa haɗa ido da shi. Ya jawo hannuna ya ce, "Amaryata, duk waɗannan in sun soka sai na ji zafi. Ke kaɗai ce hannunki ba zafi." Bai koma gida ba. Can Allah ya karɓi abinsa.

Na san kwana in ya ƙare ya ƙare, kuma majo da kansa ya ce ciwon ya riga ya yi nisa. Amma na san abin da hannuna ya yi. Abin da ya fi ci mini rai, wajen zaman makoki mata na ta yi mini sannu da ƙoƙari, suna cewa ba don ruwan nan ba da ko Magaria bai kai ba. Na sunkuyar da kai na karɓa. Har yau mahaifiyata haka ta sani. Na sha ɗaukar waya in faɗa mata, sai in ɓige da tambayar lafiyar yara.

Yanzu na gama, ina aiki a birni, kuma ba kalmar da ta fi sauƙi a bakina kamar ban sani ba, mu tambayi lokotoro. Ƙannena ƴan lakwal da za ku je hutu, ku bar farar rigar a ƙasan jaka. Za a zolaye ku, za a ce ba ku iya komai ba, ku bari a yi dariyar, ba ta kashe kowa. Iyaye kuma, in ɗanku ya ce ba a kai su nan ba, ku yarda, ku ɗaura amalanke. Ƙusar nan tana nan a bangon ɗakin, kakata na rataye carbinta a jiki. Duk zuwan da na yi sai ta nuna wa baƙi, ta ce nan jikarta likita ta sa wa Malam ruwa.